Namun Daji da Itatuwan da Ke Ɓacewa a Ƙasar Gaya da Ajingi

 Shirin faɗakarwa na wannan mako zai duba halin da namun daji da tsuntsaye da itatuwa suke ciki a ƙasar Toranke da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya, a gabashin Jihar Kano, da yadda rashin wurin zama da sauyin yanayi suka haɗu suna rage su, har wasunsu suka kai bakin ƙarewa. Akwai kalmomi biyu da za a riƙa ji a cikin shirin, waɗanda ya kamata a fayyace su tun daga farko. Ta farko ita ce mazauni, wato wurin da wata halitta take samun abincinta da ruwan shanta da mafakarta da kuma inda za ta hayayyafa, domin tsuntsun da ya samu abin ci a gari amma ya rasa bishiyar da zai yi sheƙa a kanta, to ya rasa mazauni ko da ana ganin sa yana shawagi. Ta biyu ita ce tsarin zaman halittu, wanda yake nufin yadda ƙasa da ruwa da tsirrai da ƙwari da dabbobi da mutane suke dogara da juna a wuri ɗaya, ta yadda idan ɗaya ya kau sai sauran su ji a jikinsu, ko da ba nan take ba.

Tsofaffin labaran Kano da aka tattara a littafin tarihin sarakunanta sun ambaci Barbushe, daga zuriyar Dala, a matsayin maharbin da yake kashe giwa, sun kuma ambaci kurmin Jakara mai duhun itatuwa a inda yau cikin birni ne. Labarin kafuwar birnin kansa yana komawa ga maƙeran Gaya, kakannin Abagayawa, waɗanda neman tama ya kai su Dutsen Dala, kuma ba a narka tama sai da gawayi mai yawa, wanda ba ya samuwa sai inda akwai daji. Sunayen unguwannin Kano irin su Ɗorayi da Kurna da Rimi suna ba da shaidar itatuwan da suka taɓa tsayawa a wuraren. Giwa da zaki da ɓauna da jimina da raƙumin dawa sun daɗe da barin wannan yanki, kuma a Nijeriya baki ɗaya zakunan da suka rage suna dajin Yankari da na Kainji ne kawai, inda masu bincike suke ƙiyasta cewa ba su kai 50 ba. Yaron da aka haifa a Toranke a yau zai fi saurin ganin kura a hannun masu wasa da ita ranar kasuwa fiye da jin kukanta da dare a bayan gari. Saboda haka maganar kare namun daji a nan ba ta shafi zaki ko giwa ba, waɗanda lamarinsu ya riga ya wuce, ta shafi abin da ya rage ne: zomo da kurege da bushiya da damo da guza da kunkuru da dila, da fakara da zabon daji da shamuwa da ungulu, da kifayen fadama, da itatuwan da dukansu suke raɓe da su.

Dalili na farko na ɓacewar mazauni shi ne ƙaruwar jama'a a kan ƙasar da ba ta ƙaruwa. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna Jihar Kano tana da mutum sama da miliyan 9, Ajingi tana da sama da 170,000, Gaya kuma kimanin 200,000, kuma daga wancan lokaci an haifi wata al'umma guda, wadda ita ma ta kai shekarun neman gona da fili na gida. A da manomi yakan bar wani sashe na gonarsa saura, wato ya hutar da ita shekara biyu ko uku, sai sabara da kalgo da geza su rufe ta, ƙananan namun daji su samu maɓoya. Kowane gari kuma yana da hurumi, filin da aka keɓe a gefensa don kiwo da itace, wanda ba a yarda kowa ya nome shi ba, sannan ga burtali, hanyar shanu mai shinge a gefe biyu, wadda take haɗa gari da mashaya da makiyaya. Gado yana raba gona gida-gida har ta zama 'yar tsirit, saura ta ɓace, hurumi ya koma gonaki da filayen gini, burtali ya tsuke har ya zama turba. Illar tsukewar burtali da aka fi sani ita ce rigimar manomi da makiyayi, amma akwai wata da ba a cika ambata ba, domin shingen burtali da gefen rafi su ne hanyoyin da ƙananan dabbobi suke bi daga wannan ɗan kurmi zuwa wancan. Idan aka yanke hanyar, sai kowane ɗan rukuni ya tsaya shi kaɗai kamar tsibiri, kuma gobara ɗaya ko farauta ɗaya ta isa ta shafe shi.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa manomin ƙasar Kano bai taɓa zama maƙiyin bishiya ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da wani abu yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, kuma binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 a kan itacen girki ya nuna cewa itatuwan da ke cikin gonaki ba su ragu ba duk da cunkoson jama'a da fari, saboda bishiyar gona tana da mai ita, wanda yakan sassabe reshe ya bar uwar. Binciken da ya biyo baya ya nuna yawan itatuwan gona ma ya ƙaru a wurare da dama, amma ya gano wani abu da dattawan karkara suka riga suka lura da shi, wato cewa nau'o'in suna raguwa. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno a shekarar 1928, tana mamaye wuri saboda saurin girmanta da jurewar fari da kuma ƙin cin ta da awaki suke yi, alhali ɗorawa da kanya da ɗinya da kaɗanya da marke da ƙirya da maɗaci suna tsufa suna faɗuwa ba tare da 'ya'yan da za su gaje su ba. Duk wanda ya bi hanyar Gaya zuwa Ajingi ya ƙirga manyan kukoki da tsamiyoyi, sannan ya nemi ƙananansu masu tsayin mutum, zai ga inda matsalar take. Darbejiya tana da amfaninta, tana ba da inuwa da itace da magani, tsuntsaye ma suna shan 'ya'yanta, amma gonar da ba ta da komai sai darbejiya ta yi kama da garin da kowa a cikinsa sana'a ɗaya yake yi.

Muhimmancin wannan magana yana fitowa ne idan aka dubi abin da tsohuwar bishiya take ɗauke da shi. Kogon kuka gidan zuma ne da jemage da mujiya da cilakowa, kuma kogo ba ya samuwa sai a bishiyar da ta daɗe ƙwarai. Furen kuka yana buɗewa ne da dare, kuma jemagu ne mafi yawa suke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, aikin da idan ba a yi shi ba bishiya ba za ta yi 'ya'ya ba. Haka ita ma ɗorawa ta dogara da jemage da ƙudan zuma. Ke nan daddawar da ake sa wa miya tana da alaƙa ta kai tsaye da jemagen da yara suke jifa, kuma kukar da ake tsige wa ganye kaf kowace shekara saboda miya ba ta samun sukunin yin fure balle ta bar iri. Tsamiya kuwa, ban da 'ya'yanta na kunu, ganyenta abincin wata tsutsa ce da take saƙa gidan siliki, wanda daga shi ake samun zaren tsamiya na aikin manyan riguna. Ƙirya ita ce gawayin maƙera, ita ce kuma turmi da taɓarya, kuma ƙarfin icenta ne ya jawo mata ƙarewa, tun da tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta girma. Gawo yana da ɗabi'ar da ta bambanta da ta sauran itatuwa, domin yana zubar da ganye da damina, ya bar gero da dawa su sha rana a ƙarƙashinsa, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa taki, sannan ya yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi suka fi buƙata. Ƙwayar gawo ta fi saurin tsirowa bayan ta ratsa cikin saniya ko akuya, don haka garken da yake kwana a gona bayan girbi shuka yake yi ba tare da an sa shi ba. Inda garke ya daina shiga gona, garmar shanu ko tarakta kuma tana tumɓuke duk ɗan tsiron da ya leƙo, to gawo zai ƙare ko da babu wanda ya ɗora masa gatari.

Babu halittar da ɓacewarta ta fi fitowa fili kamar ungulu. Mutanen da suka manyanta suna tuna lokacin da ba a fiɗa a mahauta sai ungulaye sun kewaye wurin, suna jere a kan katanga da rassan rimi, har Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza. Yau ana iya cin kasuwa a watse ba a ga ko ɗaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, wadda aka fi sani da IUCN, ta sanya wannan ungulu ta cikin gari a matakin haɗari mafi tsanani, matakin da daga shi sai ƙarewa. Abubuwa da dama ne suka taru a kanta. Ana kama ta ana sayar da kanta da ƙafafunta da ƙwanta a kasuwannin magungunan gargajiya don tsubbu da neman sa'a, kuma Nijeriya tana cikin manyan kasuwannin wannan ciniki a Afirka ta Yamma, har ana shigo da su daga maƙwabtan ƙasashe bayan na gida sun yi ƙaranci. Ana sa guba a mushe don kashe karnuka ko dila, sai ungulaye su sauka su mutu gaba ɗaya. Dogayen itatuwan da take sheƙa a kansu, irin su giginya da rimi da kuka, suna raguwa. Sannan ungulu ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, saboda haka abin da aka kashe a wata guda ba ya dawowa a shekara goma.

Abin da ya faru a ƙasar Indiya ya isa ya nuna cewa wannan asara ba ta tsuntsu kaɗai ba ce. A shekarun 1990 wani maganin ciwo da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna diclofenac, ya kashe sama da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulun ƙasar, saboda yana lalata ƙodar duk wadda ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar, kuma sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Da ungulaye suka ɓace, mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Cikin ungulu yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cututtuka da yawa da ke cikin mushe, kuma tana yin wannan aikin tsafta kyauta. Mai sayen kan ungulu don neman arziki yana biyan kuɗi ne a raba garinsa da ma'aikaciyar da babu wanda zai maye gurbinta, kuma wannan ciniki ne da ya kamata malamai da sarakunan magani su fito fili su hana shi.

Mazauni na biyu da ya rage wa wannan yanki bayan gona shi ne kogi da fadama. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa su zama kogin da ya ratsa Wudil, ya bi ta gefen wannan ƙasa ya nufi Ringim da Haɗeja, inda yake bazuwa ya zama dausayin Haɗeja da Nguru. A da kogin yakan cika da damina ya malala cikin fadamu, kifaye irin su tarwaɗa da karfasa su bi ruwan su yi ƙwai a cikin ciyawa, ruwan ya nutse ya cika rijiyoyi, idan ya janye kuma ya bar laka mai taki ga masu noman rani da ɗanyar ciyawa ga makiyaya, gaiwa ta shige cikin taɓo ta jira wata daminar. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992, kuma babu mai musun amfaninsu, domin daga gare su birnin Kano yake shan ruwa, kuma da ruwan Tiga ake noman shinkafa da tumatir da alkama a Kura da Kadawa da Bunkure. Amma sun sauya numfashin kogin. Filin da ruwa yake rufewa a dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 kafin madatsun, ya koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Ruwan da ake saki a hankali duk shekara ya hana magudanai bushewa da rani, sai ciyawar kacala ta samu wuri ta toshe su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye gero da shinkafa, da sauro, da dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya. A kan wannan aka ƙara dattin masana'antun jima da ke kwarara cikin kogin Calawa daga Kano, da ɗibar yashi da ke cinye gaɓa, da nome bakin kogi har zuwa gefen ruwa, da kamun kifi da guba ko da raga mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko 'ya'yan kifi.

Wannan dausayi yana da daraja a idon duniya saboda tsuntsayen ruwa da suke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su yi hunturu a cikinsa, shi ya sa aka sanya tafkin Nguru a 2000, Baturiya kuma a 2008, cikin jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 take karewa. Amma tsuntsun da ya fi cancantar a yi masa kuka shi ne gauraka mai tukkun zinariya, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya, kuma yau da wuya a gan shi a dajin ƙasar. Gauraka yana yin sheƙarsa ne da damina a tsakiyar ciyawar fadama mai ruwa, don haka bushewar fadama da nome ta sun hana shi hayayyafa, waɗanda suka rage kuma aka kama su aka kai gidajen masu hali don ado, inda suke tsufa su mutu ba su bar baya ba.

A kan wannan rauni ne sauyin yanayi ya sauka. Abin da ake nufi da shi shi ne ɗumamar duniya sakamakon iskar da ƙona fetur da gas da kwal da dazuzzuka take tarawa a sama, wadda take riƙe zafin rana kamar bargo, har zafin duniya ya ƙaru da sama da digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas a kan yadda yake kafin zamanin masana'antu. Kason Afirka gaba ɗaya a cikin wannan hayaƙi bai kai kashi 4 cikin 100 ba, saboda haka manomin Toranke yana biyan bashin da ba shi ya ci ba. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya kashe itatuwa da dabbobi masu yawa a arewa, kuma a wancan zamani ne tafkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Ruwan sama ya ɗan dawo daga shekarun 1990, amma da wata sabuwar ɗabi'a. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa manyan guguwar ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, ma'ana ruwan yana zuwa ne da ƙarfi a lokaci ɗaya, ya kwashe ƙasar sama, ya haƙa zaizaya, ya yi ambaliya irin wadda ta ci garuruwan bakin wannan kogi a Kano da Jigawa a 2001 da 2022, sannan a tsakiyar damina a yi kwanaki babu ɗigo.

Halittu suna da kalandarsu, kuma da ruwa da zafi suke karanta ta. Shamuwa tana tasowa daga kudanci da gabashin Afirka ta iso da farkon damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, domin ƙyanƙyasar 'ya'yanta ta dace da yawaitar fara da kwaɗi. Idan ruwa ya yi jinkiri ko ya ɗauke, 'ya'yan sukan rasa abinci. Kududdufin da ya ƙafe kafin talibamban ya zama kwaɗo ya tafi da haihuwar shekara guda. Ɗan tsiron ɗorawa da ya fito da ruwan farko yakan ƙone idan aka yi mako uku babu na biyu. A zamanin da daji yake a haɗe, dabbar da wuri ya yi mata zafi sai ta matsa kudu ko ta gangara fadama, amma yanzu ko'ina gona ce da titi da gari. Wannan shi ne haɗarin haɗuwar matsalolin biyu: sauyin yanayi yana korar halitta daga inda take, rashin mazauni kuma ya toshe mata inda za ta gudu.

Akwai kuma abubuwan da hannun mutane yake yi kai tsaye. Farautar gayya ta rani, da karnuka da motoci cike da matasa, takan share daji ba ta bar mai ciki ko ƙarami ba, alhali tsofaffin maharba suna da ƙa'idojinsu na lokaci da na abin da ba a harbi. Cinna wa daji wuta don korar gafiya da zomo yana ƙona ƙwan fakara da ƙananan itatuwa da abincin dabbobi. Maganin feshi na ciyawa da na ƙwari, idan aka yi shi ba bisa ƙa'ida ba, yana kashe ƙudan zuma da kwaɗi, ya gangara fadama. Tsadar gas da kananzir kuma ta mai da gidaje da yawa na birni ga gawayi, kuma gawayi uwar bishiya yake ci, ba reshe ba.

Dokoki suna nan. Nijeriya ta kafa dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa a 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, tana da hukumar shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015, wadda Kano da Jigawa suke cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga dajin Falgore da dausayin Baturiya zuwa gandun daji na ƙasa. Amma Falgore tana da nisan kusan kilomita 150 kudu da birnin Kano, kuma babu wani gandu da za a yanka a Ajingi ko Gaya ba tare da an raba mutane da abincinsu ba. Gandun dajin wannan yanki shi ne gonar manomi da shingenta da fadamar gari da maƙabarta da harabar makaranta, kuma masu gadinsa su ne masu gonakin.

Jamhuriyar Nijar ta nuna cewa hakan mai yiwuwa ne. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 kacal a 1996, dukansu a yankin Kure kusa da Yamai, inda babu shinge babu gandu, suna kiwo a tsakanin gonakin gero. Da hukuma ta hana kashe su, mutanen ƙauyukan kuma suka fara samun amfani daga baƙi masu zuwa kallo da ayyukan tallafi, sai yawansu ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka mayar dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. A Maraɗin ne kuma, tun daga 1983, wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsiron da manoma suke sharewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Dabarar da aka kira sassaben zamani ba ta wuce manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture ya bar su, ya datse sauran, ya kare su daga wuta da dabbobi ba. Ba ta buƙatar gandun raino ko ban ruwa ko kuɗi, kuma ta fi dashe tsira saboda saiwar ta riga ta kai ga danshi. Da ita, da kuma sassaucin da aka samu wajen barin manomi ya mallaki bishiyar da ya raina, aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Maraɗi da Damagaram, ƙasar da ruwan samanta bai kai na Gaya ba, kuma masu wannan aiki Hausawa ne manoman gero.

Addini ma ya riga ya shimfiɗa hanya, domin kalmar hurumi kanta daga shari'ar Musulunci ta samo asali, inda ake keɓe gefen rijiya da kogi da gari don amfanin kowa, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa abin da tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga bishiyar da Musulmi ya shuka ana rubuta masa ladan sadaka.

Kiran wannan shiri yana zuwa ne ga hakimai da dagatai da masu unguwanni na Toranke da Balare da Gafasa da Kunkurawa da sauran garuruwan Ajingi da Gaya, su tsare abin da ya rage na hurumi da burtali da bakin fadama, su hana cinikin ungulu a kasuwanninsu, su zauna da sarakunan baka da na ruwa a sa lokacin da ba a farauta da irin ragar da ba a jefawa. Ga manoma kuma, idan lokacin sharar gona ya zo a bazarar bana, duk wanda ya tarar da tohon gawo ko kanya ko ɗorawa ko marke a gonarsa, ya ɗaga gatarinsa, ya kewaye shi da ƙaya, ya nuna wa mai riƙe da garma inda yake.